Ana Iya Auna Ɗa'ar Ɗaliban Kwamfuta da Takardar Tambayoyi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina yi maka fatan alheri tare da sauran ma'aikatan wannan mujalla. Ni malama ce a sashen kimiyyar kwamfuta na wata jami'a, kuma a bana aka ɗora mini koyar da darasin ɗa'ar sana'a da haƙƙin jama'a da ke wuyan mai haɗa manhaja. Da yake ina so in san ko darasin yana tasiri, a makon ƙarshe na zangon karatu na raba wa ɗalibaina takardar tambayoyi mai ɗauke da jimloli irin su "wajibi ne mai haɗa manhaja ya kare sirrin masu amfani da ita" da "ya kamata fasaha ta amfani al'umma", na ce kowa ya nuna matakin yardarsa. Kusan dukkansu "na yarda ƙwarai" suka zaɓa a kowace jimla. Da farko na yi murna, amma daga baya na tuna cewa a cikin waɗanda suka cike takardar akwai waɗanda na kama sun kwafi aikin juna a wannan zangon, har da wanda na ji yana alfahari da cewa ya shiga wayar abokinsa ba da saninsa ba. Shin, Malam, ana iya auna irin wannan abu kuwa, ko ɓata takarda kawai na yi? In ana iyawa, ta wace hanya?

Daga wata malamar jami'a

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara basira. Ba ki ɓata takarda ba, domin ta tabbatar miki da abu guda, wato ɗalibanki sun san amsar da malamarsu take son ji. Sai dai ba shi kika fita nema ba. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, jimlolin da kika ba su kuwa an zuba musu miya har ta malala: babu wadda yarda da ita za ta jawo wa ɗalibi asarar ko sisin kwabo. Wa zai ce bai yarda fasaha ta amfani al'umma ba? Ko wanda ya shiga wayar abokinsa zai yarda, kuma ba lallai ne ƙarya yake yi ba, domin a ransa abin da ya yi wasa ne tsakanin abokai, ba shi da haɗi da waccan jimla mai kwarjini.

Auna ra'ayin mutane tsohon fanni ne. A 1928 Louis Thurstone na Jami'ar Shikago ya wallafa maƙalar da ta kafa hujja cewa ana iya auna ra'ayi, a 1932 kuma Rensis Likert ya fito da hanyar da ke ma kika bi: a ba mutum jimla, ya zaɓi matakin yardarsa tun daga "ban yarda ba sam" har zuwa "na yarda ƙwarai", sannan a tara makin jimloli da dama da suka shafi abu ɗaya. Amma tun a wancan zamanin aka gano inda hanyar ta tsaya. A farkon shekarun 1930 Richard LaPiere, masanin zamantakewa a Jami'ar Stanford, ya zaga Amurka da mota tare da wani matashi ɗan ƙasar Sin da matarsa, a lokacin da ƙyamar mutanen Asiya ta yi ƙarfi a ƙasar. Sun shiga masaukai da gidajen abinci kimanin 250, sau ɗaya tak aka ƙi karɓarsu. Bayan wata shida ya aika wa wuraren wasiƙa yana tambaya ko za su karɓi baƙi 'yan ƙasar Sin. Wurare 128 suka amsa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 suka ce ba za su karɓa ba. An soki binciken da cewa wanda ya amsa wasiƙar ba lallai shi ne ya tarbi baƙin a ƙofa ba, kuma sukar tana da ƙarfi, amma darasin ya zauna: abin da mutum ya rubuta a takarda da abin da zai yi idan al'amari ya tsaya a gabansa suna iya rabuwa, ta kowace fuska. Saboda haka ki raba abubuwa uku a ranki tun kafin ki rubuta tambaya ta farko, wato abin da ɗalibi ya sani, da inda zuciyarsa ta karkata, da abin da hannunsa yake aikatawa. Jarrabawa tana kama na farko, takardar tambayoyi tana iya kama na biyu idan an gina ta da kyau, na uku kuwa sai an duba aiki.

Takardarki ta kamu da ciwo biyu da masu bincike suka daɗe da sani. Na farko shi ne son mutum ya fito da kyau a idon mai tambaya. A 1960 Douglas Crowne da David Marlowe sun tsara wani ma'auni mai jimloli 33 don kama wannan hali kaɗai, inda suka sa maganganun da ke da daɗin faɗa amma da wuya su zama gaskiya ga ɗan Adam, kamar mutum ya ce bai taɓa jin tsanar kowa ba. Wanda ya amince da irin waɗannan da yawa, sai a yi hattara da sauran amsoshinsa. Ciwo na biyu shi ne sabon cewa "i" ga duk abin da aka faɗa. A ganina waɗannan biyun sun fi tsanani a ajinmu, inda ɗalibi ya tashi da tarbiyyar cewa musa wa malami rashin kunya ne, ga malamar tsaye a gaban allo, ga jarrabawa saura mako guda, wataƙila ma akwai gurbin lambar rajista a saman takardar. Maganin wannan ba shi da tsada. Kada a rubuta suna ko lambar rajista, ki fita daga ajin, wani wanda ba ya ba su maki ya raba ya karɓa, a kuma shaida musu a fili cewa cikewar ganin dama ce, kuma ba za ki ga takardun ba sai bayan sakamako ya fita. Sannan ki juya wasu jimlolin ta yadda mai riƙe da ɗa'a sai ya ce "ban yarda ba", misali: "aikina shi ne manhaja ta yi aiki, yadda za a yi amfani da ita kuwa ruwan wanda ya saya ne".

Wannan jimla ta ƙarshe ta fi duk naki amfani, domin mutum mai hankali yana iya yarda da ita ba tare da jin kunya ba, kuma a nan ne ɗalibai za su rabu. Tambayar da kowa ya ba ta amsa iri ɗaya ba ta auna komai. Abin da kike buƙata shi ne tambayar da ke da farashi, inda alheri yake karo da albashi, ko da umarnin shugaba, ko da wani alherin. Hanya mafi kyau ita ce gajeren labari, kuma ba sai kin je nesa neman sa ba. Kowa ya san yadda wasu manhajojin ba da rance a Najeriya suka riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashi, suna aika wa danginsa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci idan ya makara wajen biya, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ɗauki mataki a kansu a 2022. Mutum ne ya zauna ya rubuta sashen manhajar da ke kwashe lambobin. To, ki rubuta wa ɗalibi cewa ya shekara biyu yana neman aiki, ya samu a irin wannan kamfani, wata uku da farawa shugabansa ya ce ya haɗa wannan sashe, kuma mai rancen ya riga ya danna "na amince" a kan sharuɗɗan da bai karanta ba. Me zai yi? Kuma wane dalili ne ya fi nauyi a wurinsa?

Tambayar dalili ita ce zuciyar aikin. James Rest na Jami'ar Minnesota ya gina wani sanannen gwaji a shekarun 1970 bisa ra'ayin Lawrence Kohlberg game da matakan tunanin ɗa'a, kuma abin da gwajin ya fi dubawa shi ne hujjojin da mutum ya fifita idan aka ba shi labari mai sarƙaƙiya. Ɗalibai uku suna iya ƙin haɗa wancan sashe, ɗaya don tsoron Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, ɗaya don gudun abin da mutane za su ce idan asiri ya tonu, ɗaya kuma don ya hango matar da za a tozarta a gaban surukanta saboda bashin da bai taka kara ya karya ba. Amsarsu ɗaya ce a yau, amma ranar da aka tabbatar musu cewa babu wanda zai sani, mutum biyu sun rasa dalilinsu.

Ba sai kin fara daga tushe ba, domin akwai ma'aunai da aka riga aka gwada. Wanda na fi ganin zai yi miki amfani shi ne na Nathan Canney da Angela Bielefeldt, wanda suka gina a Jami'ar Colorado don ɗaliban injiniya. Sun raba al'amarin gida uku: yadda ɗalibi yake jin nauyin taimakon mabuƙata a matsayinsa na mutum, da yadda yake kallon ƙwarewar sana'arsa, da kuma yadda yake haɗa biyun, wato ko yana ganin sana'ar tasa ta ɗora masa wani haƙƙi na jama'a. Masu bincike a Georgia Tech sun faɗaɗa ma'aunin ya dace da sauran fannoni, kuma da suka gwada shi a kan ɗalibansu sun tarar cewa na kwamfuta sun fi takwarorinsu na sauran fannonin kimiyya da injiniya ƙarancin maki. Wannan jami'a ɗaya ce a Amurka, kada a ɗora wa ɗalibanki sakamakonta. Rabon gida ukun ne nake so ki ɗauka. Zatona shi ne ɗalibanki za su yi fice a gida na farko, domin sun tashi da sadaka da zumunci da sanin haƙƙin maƙwabci, kuma idan kika tambaye su game da amana za su ba ki amsa da aya da hadisi. Inda za ki ga giɓi shi ne gida na uku, domin ba kowa ba ne ya taɓa tunanin cewa rumbun bayanan marasa lafiya da aka ba shi ya gyara amana ce irin ta ajiyar kuɗi. Idan darasinki yana da wani aiki, gina wannan gadar ne aikinsa, kuma ita ya kamata yawancin tambayoyinki su nufa.

Sai maganar lokaci. Awo ɗaya a ƙarshen zango ba zai taɓa nuna canji ba, tunda ba ki san inda suka faro ba. Ki auna a makon farko, ki sake aunawa a makon ƙarshe da takarda iri ɗaya, kowane ɗalibi ya ƙirƙiri wata alama da shi kaɗai ya sani don a haɗa takardunsa biyu ba tare da suna ba. In da hali, ki auna wani ajin da bai ɗauki darasinki ba a daidai waɗannan lokuta. Amfanin wannan ya fito fili a binciken Erin Cech na 2014, wadda ta bi ɗaliban injiniya fiye da 300 a manyan makarantu huɗu na Amurka, ciki har da MIT, tun daga shigarsu har bayan kammalawa, ta tarar cewa damuwarsu da jin daɗin jama'a raguwa ta yi a tsawon karatun. Idan haka ruwan yake gangarawa, to malamin da ɗalibansa suka tsaya inda suke ya yi aiki, amma ba zai gane haka ba sai ya kwatanta da ajin da bai koyar ba. Akwai kuma wani abin mamaki da za ki iya gani. Idan kika tambayi ɗalibi ko yana iya gane matsalar ɗa'a a aikinsa, yana iya ba kansa maki mai yawa a farko, a ƙarshe kuma ya rage, domin yanzu ya san zurfin kogin. Don haka ne wasu masu bincike suke ƙara tambaya a takardar ƙarshe, cewa ɗalibi ya waiwaya ya kimanta yadda yake kafin darasin da idon da yake da shi yanzu.

Za a tambaye ki ingancin ma'aunin, kuma galibi abin da ake kawowa shi ne lissafin da Lee Cronbach ya fitar a 1951, wanda ke nuna ko jimlolin da aka tara wuri ɗaya suna tafiya tare, sakamakonsa lamba ce da ba ta wuce 1, an kuma saba karɓar 0.7 zuwa sama. Ki yi lissafin, amma kada ya ruɗe ki. Mudun da aka buga wa gindi yana ba da awo iri ɗaya kullum, kuma kullum a tauye. Takardarki ta farko ma tana iya tsallake wannan lissafi alhali ladabin ɗalibi ga malama take aunawa. Abin da zai kare ki shi ne ki zaunar da ɗalibai biyar ko shida waɗanda ba sa cikin binciken, kowa ya karanta jimla ya faɗa miki da bakinsa abin da ya fahimta. A nan za ki ga cewa kalmar Ingilishi da ake fassarawa da "ɗa'a" wani ladabi yake ji a cikinta, wani addini, wani kuma dokar makaranta. Idan kika fassara takardar zuwa Hausa, ki ba wani wanda bai ga ta asali ba ya mayar da ita Ingilishi, sannan a kwatanta.

Duk da haka, kwafin aiki da shiga wayar aboki da suka dame ki ayyuka ne, kuma takarda ba za ta kai gare su ba. A 2018, shekarar da ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta sabunta kundin ɗa'arta wanda rabonsa da gyara tun 1992, wasu masu bincike a Jami'ar Jihar North Carolina sun ba ɗalibai 63 da ƙwararrun masu haɗa manhaja 105 gajerun labarai na yanke shawara, aka umarci wasu su yi la'akari da kundin, wasu kuma ba a umarce su ba, kuma ba a ga bambanci tsakanin rukunin biyu ba. Ke kuwa kina da abin da waɗannan masu bincike ba su da shi, wato ayyukan ɗalibanki. Ki buɗe manhajojin da suka haɗa a wasu darussan, inda babu wanda ya ambaci ɗa'a. Shin manhajar sayar da abinci tana neman izinin shiga hotuna da lambobin waya ba tare da buƙata ba? Shin kalmomin sirri suna ajiye a rumbu tsirara, duk wanda ya buɗe ya karanta? Shin an yi gwaji da bayanan mutane na gaske da aka samo ba da izininsu ba? Shin wanda ba ya jin Ingilishi ko mai raunin gani zai iya amfani da ita? Ki tsara takardar dubawa, malamai biyu su duba kowane aiki ba tare da sanin na wane ne ba, ki ajiye sakamakon kusa da na takardar tambayoyin.

TAMBAYA

Allah ya gafarta Malam, ina da ƙaramin kamfanin haɗa manhajoji, kuma ina ɗaukar matasa da suka gama jami'a. Na ji ana maganar irin waɗannan gwaje-gwaje na auna ɗa'a. Zan iya ba masu neman aiki su cike, in ɗauki wanda ya fi maki?

Daga wani mai kamfani

AMSA

Alhaji, ban ba ka wannan shawara ba. An gina waɗannan ma'aunai ne don a fahimci rukunin mutane, misali ko aji guda ya canja bayan darasi, kuma ƙarfinsu ya dogara ne ga cewa mai cikewa ba shi da riba ko asara a amsarsa. Ranar da ka ɗaura aiki a kan makin, ka mayar da takardar gasar iya magana, kuma wanda ya fi sanin abin da kake son ji shi zai zo na ɗaya. Haka ma malamin da zai sa makin irin wannan takarda a cikin sakamakon jarrabawa.

Abin da zai fi maka amfani shi ne ka ba mai neman aikin ɗan ƙaramin aiki na gwaji wanda a cikinsa akwai abin da bai kamata ba, kamar fom ɗin rajista da ke neman bayanan da aikin ba ya buƙata, ka ga ko zai lura ya yi magana. Ka kuma tambaye shi lokacin da ya taɓa yin kuskure a aiki da yadda ya sanar da shi. Amma rabin al'amarin yana wurinka, domin matashin da ya zo da kyakkyawar niyya yana duba abin da ke faruwa ga wanda ya ce wa shugaba a'a. A badaƙalar Volkswagen da ta fito fili a 2015, manhaja aka sa a motocin dizal kimanin miliyan 11 don ta gane lokacin gwajin hayaƙi ta rage hayaƙin a lokacin kawai, kuma injiniyoyin da suka haɗa ta ƙwararru ne da ke aiki a ƙarƙashin shugabanni. Ɗaya daga cikinsu, James Liang, kotun Amurka ta yanke masa ɗaurin wata 40 a 2017. Saboda haka kafin ka gwada masu shigowa, ka tsara hanyar da ma'aikaci zai kawo maka damuwa a kan wani aiki ba tare da tsoron kora ba, ka kuma sanar da sababbin ma'aikata ita tun a makonsu na farko.